Daƙiƙa Biyar a Taga ta Uku

Farar rigata ta tashi aiki. Ranar Juma'a romon salteña, ɗan burodin nan namu mai nama da romo a ciki, ya yi mata zane daga wuya har aljihu, yau kwana huɗu ke nan uwargida tana wanke ta tana wanke ni. "Gemai-gemai da kai, Casimiro," in ji ta, "shekara hamsin da takwas kana cin salteña a garin nan, sai yanzu za ka ɗiga wa kanka romo kamar baƙo?" Ita dai ba bayani take nema ba. Amma ku masu karatu zan faɗa muku yadda aka yi, tunda ku ba ku riƙe da sabulu.

Maƙwabciyata Doña Primitiva ce silar abin. Shekara talatin da huɗu tana sayar da dankali a rumfa ɗaya, a layin da ke kallon masu cuku. Da rumfar nan ta binne miji, da ita ta yi wa 'ya'ya uku makaranta. Bana aka ce duk mai rumfa ya sabunta takardar izininsa kafin ƙarfe sha biyun ranar Juma'a, wanda bai yi ba a bai wa "na gaba a jeri" rumfarsa. Na gaba a jerin nan kuwa, ko karnukan kasuwa sun san ƙanwar matar wane ce. Litinin ta je ofishin takardu, aka ce kwamfuta tana nauyi, ta dawo gobe. Talata haka, Laraba haka. Alhamis da yamma ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, hularta a hannu, ta ce, "Don Casimiro, kai da kake rubutu a jarida, zo ka tsaya kusa da ni gobe, ko sa ji kunyar tabaranka."

Ba su ji ba. Amma bari in ɗan koma baya, don ku san inda gizo ke saƙar.

Ina da wata tsohuwar kwamfuta da nake rubuta muku wannan surutu da ita, sa'ar autata ce. Bara ta soma yi mini halin ma'aikatan gwamnati: in rubuta kalma, in tashi in zuba shayi, in dawo in tarar kalmar tana isowa. Na kai ta shagon Leocadia, uwar baftismar 'yata (shi ya sa muke kiran juna kompadre da komadre), wadda ke gyaran kwamfuta a bayan tashar ƙananan motoci. Ta duba, ta taɓe baki.

"Kompadre, injinka lafiyarsa lau. Mai raba layin ne ba ya ganin girmanka."

"Wane ne kuma mai raba layi?"

"Kanel ake ce masa. Can cikin cikin manhajar yake zaune. Ayyuka ɗari ke neman kwamfuta a lokaci guda, shi ke cewa wane shiga, wane jira. Wannan naka an yi shi ne don manyan injuna masu dakon kaya, in babban aiki ya shigo sai ya ba shi kujera ya bar ka a tsaye. Nawa kuwa da hannuna na daidaita shi. Duk wanda ya taɓa maɓalli, mutum ne mai rai yake jira, shi za a fara saurara. Manyan ayyuka su ci gaba a baya, ba mutuwa za su yi ba."

Na ce, "Komadre, wannan ai ba gyaran kwamfuta ba ne, juyin mulki ne."

"Matsa ka tare mini haske," ta ce.

Gani ya kori ji. Tun daga ranar, kafin yatsana ya bar maɓalli, harafi ya fito. Ban taɓa ganin wani abu a ƙasar nan ya amsa mini da wuri haka ba, har da 'ya'yan cikina.

To ana nan, makonni uku da suka wuce, fankar kwamfutar taga ta uku a ofishin takardu ta mutu. Mai tagar shi ne Don Zenón, mutum mai sanƙo da haƙuri, shekara ashirin da tara yana cewa "a dawo gobe" ba tare da ya ɗaga murya ba. Ofishin yana da Injiniya, ɗan 'yar'uwar Mai Girma shugaban garinmu ne, ya iya ɗaura lakataye, ya iya amsa waya. Ya dubi fankar ya ce sai an kafa kwamiti. Don Zenón ya ga za a bar shi da biro da jama'a, sai ya rungumi kwamfutar ya kai wa Leocadia. Ta sauya fanka, sannan ta leƙa ciki. Me za ta gani? Baiwar Allah kwamfutar nan yini take tana tura hotunan Mai Girma Sarkin Almakashi zuwa wurare uku, yana yanka ƙyallen buɗe gada, yana yanka ƙyallen buɗe famfo, yana sake yanka ƙyallen gadar nan dai karo na uku, daga ɗaya gefen. Takardar talaka kuwa sai hoto ya wuce. Leocadia ba ta goge ko hoto ɗaya ba, don tana son shagonta. Kanel ɗinta kawai ta sa, ta ce ya ɗauka ya tafi.

Jama'a, kwana uku aka yi ana abin al'ajabi. Layin da ke zagaye ofishin har bakin coci ya ƙare kafin ƙarfe goma. Wani dattijo ya karɓi takardarsa cikin minti huɗu ya ƙi tafiya, ya ce ta jabu ce, ba za a yi masa wayo da tsufansa ba. Doña Primitiva kuwa tana ƙauye wajen haƙar dankali a kwanakin, ba ta ma ji labari ba.

Ruwa ba ya tsami banza, nauyin kwamfuta ma haka. Masu kama wa mutane layi suka wayi gari ba sana'a. Masu "na san wani a ciki" suka rasa wanda zai gaishe su. Babbar matsalar kuma, ashe Sarkin Almakashi ya riga ya sa hannu a sayo sababbin kwamfutoci arba'in saboda tsofaffin sun gaji, daga wani kanti da aka buɗe a falon surukinsa. Ga tsohuwa ta miƙe tana gudu a gaban jama'a. Rana ta huɗu takarda ta fito, wai an gano "baƙuwar manhaja mai gaggawar da hukuma ba ta amince da ita ba". Aka umarci Injiniya ya maido da komai yadda yake, aka kuma yi gargaɗi cewa duk ma'aikacin da aka kama da ita ya kuka da kansa.

Ni dai na yaba wa Mai Girma. Gaggawa aikin Shaiɗan ce. A layi muke zumunci, a layi muke jin wa ya mutu wa ya haihu. Ɗan ƙanena a layin fetur ya samu mata, kafin su kai bakin famfo sun gama shawarar sunan ɗan fari. In aka kashe layi a ƙasar nan, a ina za mu riƙa haɗuwa?

Da Doña Primitiva ta bar ƙofata ranar Alhamis, na zarce shagon Leocadia na kai kuka. Ta yi dariya. "Injiniya bai cire komai ba, bai iya ba. Tsohon kanel kawai ya mayar sama a jeri, nawa yana nan a ƙasansa. In aka kunna kwamfutar, jerin yakan fito na daƙiƙa biyar. Kibiyar ƙasa sau ɗaya, sai babban maɓalli, shi ke nan. Zenón ya sani."

"To me ya hana shi?"

"Saura masa wata takwas ya yi ritaya, kuma an dasa masa Injiniya a ƙeya. Kai za ka ciyar da shi in an kore shi?"

Juma'a ƙarfe shida muna layi, lambarmu ashirin da ɗaya. Na gaya wa Doña Primitiva zancen daƙiƙa biyar, ta saurara tana gyara hularta, har na ɗauka ba ta fahimta ba. Wajen sha ɗaya ta ce in riƙe mata wuri, ta fita, ta dawo da ƙunshi a takarda yana tururi. Na ce a raina tsohuwa ta saduda, ta koma neman abin da za ta sa a ciki.

Sha ɗaya da rabi muka iso taga. Don Zenón ya buga lambar rumfarta, ɗan zoben nan ya fito a allo ya kama juyawa. Injiniya yana tsaye a bayansa da hannuwa a aljihu, sanye da lakataye ruwan madara. Minti biyar, zobe na juyawa. Minti goma, yana juyawa. Can sama, na tabbata, Mai Girma yana tsallaka gada a hoto. Sha biyu saura kwata Don Zenón ya cire tabarau ya goge, bai yarda ya dube ta ba.

"Mama, sai dai haƙuri. Kin ga abin da idonki."

"Na gani, Zenón," ta ce. "Ina ganinka tun kana zuwa sayen dankali da kwandon mahaifiyarka, kana tsayawa sai na ƙara maka gyara. Ban taɓa ce maka ka dawo gobe ba."

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ni da na zo da tabarau don a ji kunyata, ni kunya ta kama. Sanƙon Don Zenón ya yi ja. Sai na ga kafaɗarsa ta ɗan karkata, kamar mai laluben takalmi a ƙarƙashin tebur. Ɗif, allo ya mutu.

"Kash," ya ce, "wayar nan ta sake zamewa."

"Kunna ta," in ji Injiniya, ya matso ya kafa wa allon ido.

Don Zenón ya sunkuya ya mayar da waya. Ita kuwa Doña Primitiva ta warware ƙunshinta, ta zura hannu ta taga. "Ranka ya daɗe Injiniya, tun safe kake tsaye kana yi mana aiki. Ga salteña, ta kaza ce, yanzu aka fito da ita daga tanda. Kada ka ƙi hannun tsohuwa a gaban jama'a."

Ku da kuka san garin nan kun san abu biyu. Ba a haifi ma'aikacin da zai ƙi salteña kafin sha biyu ba. Kuma ba a cin ta da rabin hankali. Sai ka riƙe ta a tsaye, ka ciji kan, ka tsotse romon a hankali, ka buɗe ƙafafu ka ranƙwafa, idonka a kanta, don wanda ya ɗiga ya zama abin dariya har jikokinsa. Injiniya ya dubi allo, ya dubi salteña, ya dubi lakatayensa ruwan madara. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya karɓa, ya ja da baya taku biyu, ya ranƙwafa.

Ni ma ta miƙo mini ɗaya, don kada abin ya yi kama da shiri. Na cija daidai lokacin da jerin ya fito a allo, farin rubutu a kan baƙi. Biyar. Huɗu. Hannun Don Zenón yana kan tebur kamar ba nasa ba. Uku. Na ji wani abu mai zafi yana gangara a ƙirjina, na ɗauka tausayi ne. Biyu. Ɗan yatsansa ya sauka a kan kibiyar ƙasa, babban yatsa ya bi da babban maɓalli.

Kwamfuta ta tashi kamar an tsikare ta. Ya buga lamba, suna ya fito. Ya buga, firinta ta yi tari. Sha biyu saura minti bakwai ya daka hatimi da ƙarfin da bai taɓa dakawa ba, ya tura mata takardar. Ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe, ta sa cikin hularta ta mayar a ka. Mutum shida da ke bayanmu, duk masu rumfa, suka samu nasu kafin ƙararrawar coci ta buga. Injiniya ya ɗago yana lasar yatsu, ya ce, "Kun gani ko? Tsarin hukuma haƙuri kawai yake so." Dole in faɗi gaskiya, ko ɗigo ɗaya bai zubar ba. Shi ne aiki na farko da na ga ya yi da ƙwarewa, kuma ina roƙon a ƙara masa girma.

Asabar Doña Primitiva tana rumfarta, takardar tana rataye cikin leda a saman buhunan dankali. Ta aika wa Leocadia rabin buhu, ta aika wa Don Zenón rabi. Ni ta dubi rigata ta ce abin da nake buƙata lemon tsami ne da gishiri.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Bakwai cikin minti bakwai ya yi wa hukuma yawa, aka yi bincike, wani ya tsegunta. Ba a iya kama Don Zenón ba, tunda shaidar da aka dasa masa ya rantse idonsa bai bar allo ba. Saboda haka jiya Litinin kwamiti ya zauna, ya yanke hukunci mai cike da hikima: an bi kwamfutocin ofishin ɗaya bayan ɗaya da bakin cokali, an ɓamɓare maɓallin kibiyar ƙasa. Na je na gani da idona, kowane allon rubutu da giɓinsa kamar bakin ɗan shekara bakwai.

Na kai wa Leocadia labari, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce akwai wata hanyar, da yatsu biyu ake yi, ta ma nuna mini. Ba zan rubuta ta a nan ba. An ce ana karanta wa Mai Girma wannan shafi kowace safiya, ni kuwa ina so Don Zenón ya yi ritaya da yatsunsa goma cif.