Allah Ya Isa a Littafin Taro

Ba zan taɓa mantawa da taron nas-nas masu kula da masu ciwon daji ba, farkon shekarun Shari'a, ina aiki a wani asibiti a Ƙaura Namoda. Aka ce mai son yin jawabi ya aika taƙaitaccen bayanin bincikensa, shafi ɗaya. Ni kuwa na daɗe ina bibiyar matan Moriki masu ciwon dajin nono, waɗanda ba sa zuwa asibiti sai abu ya gagari maganin gida. Da aikin nan nake son a san da su, a san da ni.

To ni akwai zargi (ko kaza ta kalle ni sau biyu, sai in ce aiko ta aka yi). Da Malam Bello, abokin aikina, ya ce zai kai mini takardar gidan waya a Gusau, sai na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Na ɗauki biro na rubuta a ƙasan shafin da manyan baƙaƙe: "DUK WANDA YA SACI AIKIN NAN, ALLAH YA ISA. BELLO, DA KAI NAKE." In ya buɗe ambulan ya gani, in bai buɗe ba, ai masu taro sake bugawa za su yi.

Ashe ba sa sake bugawa. Hoton shafi suke ɗauka yadda ya zo, su haɗa littafi, su raba wa kowa a bakin ƙofa.

Ina zaune a zauren taro, Bello na gefena riƙe da jakata, na ji dariya tana tasowa layi-layi. Metiron ɗinmu, wato shugabar nas-nas ta asibitinmu, wata Hajiya 'yar Shinkafi, ta miƙo mini littafin a buɗe.

"Ɗiyata, mi kin ka yi muna haka?"

Kafin in haɗiye yawu, shugaban taro ya kira sunana, ya ƙara da, "Bello yana kusa?"

Bawan Allah ya miƙe. "Ga ni, ranka shi daɗe. Wallahi ko buɗe ta ban yi ba."

Na yi jawabina, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka zo tambayoyi, ba wanda ya tambayi matan Moriki. Kowa Bello yake son ji. Wannan ya fi komai yi mini ciwo: aikin ba wanda ya sata, ni na binne shi da birona.

Zargi dai ban daina ba, kada in yi muku ƙarya. Amma yanzu a zuci nake Allah ya isa, can ba a ɗaukar hoto.