Ranar da Na Ƙona Asalin Sarakunan Rum

Har yau in na tuna, zama ba ya yi mini.

Wani tsohon Bagirike da zai bar Khartoum ya sayar mini da akwatin tsoffin kuɗin Rumawa. Kowace kwandala tana kwance a kan 'yar takarda mai rubutun hannu, takardar har ta yi ja don tsufa. Ni da na shekara ashirin ina sayar da kayan tagulla a kasuwar Suk al-Arabi, wa zai koya mini sana'a? Na samo lemun tsami da toka, na dirje sarakunan Rum da ke jikin kwandalolin har hancinsu ya ɗauki ido. Takardun kuwa, a gidanmu ba a yar da rubutu, kada a taka sunan Allah. Na tattara su cikin ladabi, na ƙona a kaskon Hajiya mai shayi.

Washegari tun safe nake safa da marwa, ina jiran Ustaz Bashir, malamin tarihin da zai saya. Da ya iso, ko ƙyallin bai duba ba.

"Ya Hajj, ina takardun?"

Na nuna masa kaskon.

Ya dafe kai. "Su ke faɗin inda aka tono kowace, da hannayen da ta bi! Yanzu wa zai yarda ba jiya aka ƙera su a Omdurman ba?"

Maƙwabcina Alhaji Sale ya yi dariya har rawaninsa ya warware. Har gobe, in zai miƙo mini katin ɗaurin aure, sai ya waiwaya ya ce, "Hajiya, kashe garwashin nan tukuna."