Giyar Rake a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a unguwar Zamalek ta babban birnin Misira ba, har yau in na tuna sai na ji kamar in kwaɗa wa kaina mari. Shekarar 2013 ce, ina ajin ƙarshe a fannin Shari'a, ina kuma neman auren Asma'u, 'yar wani Alhaji ma'aikacin ofishin jakadanci. Ranar ce ya fara kirana cin abinci a gidansa. Na taso daga unguwarmu ta Hayyin Ashir da jallabiya mai guga, tamam, komai tsaf.

Lokacin ina rubuta bincike kan hukuncin barasar da ba ta inabi ba, na haddace giyar rake kamar karatun allo (ko ƙamshinta ban taɓa ji ba, Allah ne shaidata). Muna cikin ci sai abokin aikin Alhaji, Mista Bulus, ya ce a Brazil an ba shi wata giyar rake wai ita kashasa, ai ita ce wadda ake kira ram, suna kawai aka canja.

Ina ruwana? Wa ya tambaye ni? Amma wannan bakin nawa!

"A'a, ranka ya daɗe," na ce. "Ram daga baƙin maɗin da ya rage bayan an cire sukari ake tace ta, asal iswid ɗin Misirawa. Kashasa kuwa daga ɗanyen ruwan rake, shi ya sa take ƙamshin ciyawa. Fara ba ta jima a ganga ba. Ja ta shekara a ciki, ita ce ta fi laushi a maƙogwaro."

Har da shafa wuya na yi, jama'a. Har da lumshe ido.

Mista Bulus ya ce, "Kai, Ustaz, ni da nake sha ban san haka ba!"

Alhaji ya ajiye cokali. "Malam, a maƙogwaron wa?"

Na shiga rantsuwa ina ambaton bincike da littattafai, gumi na karyo min. Alhaji ya ce, "Ma'alish, ba komai, ci abincinka." Bai sake kallona ba.

Washegari Asma'u ta kira tana kuka: "Abba ya ce khalas, maganar aure ta ƙare." Na tura malamina da abokaina su wanke ni, a banza. Haushin da ke cina shi ne, an yanke min hukuncin mashayi alhali ko kurɓa ɗaya ban mora ba!

Tun daga ranar, in babba ya yi kuskure a gidan da nake neman wani abu, "Haka ne, ranka ya daɗe" nake cewa, in ƙara miya.