Atishawa a Ƙarƙashin Makarar Kawu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai Kawu Sale makwancinsa ba, a shekarar da soja suka miƙa mulki. Shi ya ɗauko ni daga Gumel, ya zaunar da ni a shagonsa na Agege a Legas, ya yi mini aure.

Ina da wata lalura: da na shaƙi ɗanyar ciyawar da aka yanke, sai atishawa ba tsayawa, ido ya yi ja, hanci ya yi ta zuba. Shekaru ina shan maganin mura a banza. Sista Rahila, maƙwabciyarmu 'yar Kudancin Kaduna mai aikin jinya, ita ta ce mini, "Malam, ba mura ba ce, jikinka ne ba ya shiri da ƙurar ciyawa. Ga ƙwayar magani, sha kafin ka shiga ciyawa, ka ɗaure hanci."

Ranar jana'izar ban sha ba (wa ke tuna ƙwaya?), amma hankici yana aljihuna. Muka tarar an sassabe maƙabartar da safe, ciyawa jibge ko'ina. Na ciro hankicin, sai na mayar. Mutum ya toshe hanci a gaban gawa? Cewa za a yi ƙyamar Kawu nake yi. Don ma a ga ni ne ɗan halak, na ture mutane na kama gaban makara.

Atishawar farko na haɗiye ta. Ta biyu ma. Ta uku ta zo da 'yan'uwanta, kafaɗata ta zame, makara ta karkace, ƙafafun Kawu cikin likkafani suka taɓa ƙasa. Aka ɗauki salati. Habibu, babban ɗansa, bai ɗaga murya ba.

"Yaya, koma baya."

Na koma. Daga nesa na ga an sa Kawu a kabari, ko ƙasa ban zuba ba. Ina tsaye ido na tsiyaya, wani dattijo ɗan Maraɗi ya dafa ni. "Yi haƙuri, bawan Allah, ka fi kowa kuka." Wallahi lokacin kukan bai ma zo ba, sai da na isa gida.

Yanzu kowace jana'iza da hankicina a fuska nake zuwa, a bayan sahu. Mai magana ya yi ta yi. Na guji a ce na ƙyamaci Kawu, ga shi har yau a Agege ni ne wanda ya kayar da shi.