Hanyar Malaga Mafi Araha

Ko na manta komai na zamana a Makka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga falon maigidana da buhu a ka ba, ina taƙama kamar wanda ya kawo kayan lefe.

A shekarun sittin ne, ina zaune a unguwar Jarwal ba takarda. Da ƙafa na zo daga Kano, ta Chadi da Sudan, shekara biyar ina hanya, kuma duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha wannan labari, ko yana so ko ba ya so. Lokacin hajji ina yi wa wani muɗawwafi aiki, wato mai saukar da alhazai yana yi musu jagora. Ammi Bukari muke ce masa. A Makka aka haife shi, kakansa ne Bakano, Hausarsa rabi Larabci ce. A shekarar ya ce in alhazai sun watse zai riƙe mutum ɗaya cikinmu masu yi masa aiki ya zama na dindindin, ya yi masa iƙama, wato takardar izinin zama. Wanda bai taɓa sake hanya don ya hango ɗan sanda ba, ba zai gane yadda na ƙwallafa rai a kan takardar nan ba.

Cikin baƙinmu akwai Alhaji Sa'idi da matarsa, mutanen Zambiya, ƙasar da ba ta daɗe da samun 'yanci ba. Hedimasta ne, mai sanyin magana, ya iya Larabcin littafi, da shi muke fahimtar juna. Bayan an sauko daga Arfa ya ce mini matarsa na fama da tari, likita ya ce iskar teku za ta yi mata amfani, su kuwa ƙasarsu ba teku. Ya karanta tarihin Andalus, yana son kafin su koma gida su je bakin teku a kudancin Sifaniya, wani gari Malaga. Sai dai aljihun malamin makaranta ne.

"Ka san wanda zai nuna mana hanya mafi araha?" ya tambaye ni.

Amsar gaskiya ita ce a'a. Ko sunan garin ban taɓa ji ba. Amma Ammi Bukari yana gefe yana jan carbi, kunnensa na wajenmu.

"Araha?" na ce, har da dukan ƙirji. "Ya Hajj, ai gidanta ka zo. Ba ni kwana uku."

Na je wajen wani mai sayar da littattafai ya nuna mini taswira (ban saya ba, leƙawa na yi). Na auna da yatsa, na ga daga Makka zuwa Malaga bai fi Kano zuwa Makka da wani abin kirki ba. Shi ke nan, hankalina ya kwanta. Na sa matata Hajara daka: garin gero, kuka, daddawa, yaji, ga kilishi na saya a wajen wani Basakkwace. Kwana uku tabarya ba ta huta ba.

"Malam," in ji Hajara tana share gumi, "ka tambaye shi irin tafiyar da yake so kuwa?"

"Tafiya ai tafiya ce," na ce mata. (Har yau in muka yi gardama da wannan maganar take kashe mini baki.)

Ranar da Ammi Bukari ya shirya wa baƙin walimar bankwana, bayan azahar, falon ya cika da alhazai da abokan aikina. Ana cikin shan shayi na shigo, na sauke buhu a tsakiyar darduma, na fara fito da kaya ɗaya bayan ɗaya ina bayani da Larabcina na kasuwa. Ga guzuri. Ga tabarma biyu, ga buta, ga salkar ruwa. Sai na zaro aska na miƙa wa hedimasta guda da hannu biyu.

"Wannan fa?" ya ce.

"Ta yankan farce ce. In guzuri ya ƙare, ka zauna a ƙofar masallaci, ba za ka kwana da yunwa ba. Hajiya kuma ga kaskon ƙosai."

Falon ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauka burge su na yi, sai na ƙara wuta. Na zayyana hanya: jirgin ruwa daga Jidda zuwa Masar, a tsaya a yi tsinkar auduga kaka guda a tara na mota. Daga nan a bi bayan manyan motoci ta Libiya da Tunis da Aljeriya har Maroko, a haye ruwa. A riƙa tafiya da asuba da yamma don a guje wa rana. A ƙarshe na fito da wasiƙar da na sa aka rubuta mini da ajami, na ce da sun isa su nemi zango, su ba Sarkin Hausawan Malaga, shi zai ba su masauki.

Ammi Bukari ya ajiye kofinsa. "Ya shehi, wa ya ce maka akwai Sarkin Hausawa a Malaga?"

"Ammi, akwai garin da ba Bahaushe?"

Alhaji Sa'idi ya yi gyaran murya, cikin ladabi ya ce, "Tafiyar za ta ɗauki kamar kwana nawa?"

"Shekara biyu," na ce. "In an yi sauri."

"Kwana goma sha takwas suka rage mini a hutu."

Ban san wanda ya fara ba, amma dariyar da ta tashi har maƙwabta sun leƙo. Ammi Bukari ya riƙe ciki yana cewa "Halas, ya isa haka, zan mutu!" Wani alhaji da ya yi aikin jirgin ruwa ya ce a can Turawa kuɗi suke biya su je su kwanta a rana kan yashi da gangan, ni kuwa ina koya wa mutane guje mata. Ina tsaye da kaskon ƙosai a hannu, gumi har cikin idona. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma na san iƙama ta wuce ni.

Alhaji Sa'idi ne kaɗai bai yi dariya sosai ba. Ya juya askar a hannunsa, ya ce, "Kai da gaske haka ka zo?"

Na ce haka na zo, da irin wannan askar na ci abinci a Sudan.

Sai ya gaya wa matarsa da harshensu. Ta dube ni ta dafa ƙirji. Wannan kallon ya fi dariyar sa ni jin ƙwalla.

Washegari na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na shiga mota zuwa Jidda, ina addu'a kada a tare mu a hanya, na tambayi Hausawan da ke dako a tashar jiragen ruwa. Su suka haɗa ni da wanda ya san jirgin kaya mai ɗaukar fasinja kaɗan, yana bi ta mashigin Suwez har Malaga, kuɗinsa da sauƙi. Ya ce a can kada su sauka a otal, su kama ɗaki a unguwar masunta, su riƙa sayen kifi suna dafawa da kansu. Alhaji Sa'idi ya ji labarin ya yi murna ƙwarai. Guzurin ma ya tafi da shi, ya ce a jirgi zai yi amfani.

Da na dawo Ammi Bukari ya kira ni. Na tafi da shirin a sallame ni.

"Isma," ya ce, wato in saurara. "Mutumin da zai hana gidansa hutu kwana uku don baƙo, sannan ya je Jidda ba takarda don ya gyara ɓarnarsa, ba na sakinsa. Kawo hotonka gobe. Amma ɗakin abinci za ka riƙe. In na ji ka nuna wa wani hanya, ko ta banɗaki ce, ni da kai ne."

Iƙama ta fito kafin azumi. Shekarun da suka biyo baya a ɗakin abincin nan na yi su, kuma alhazai ba su fasa tambayata hanya ba. Ni ma ban fasa ba da shawara ba, don hali ne. Sai dai yanzu ko Harami mutum ya ce in nuna masa, yana hango hasumiya da idonsa, sai na fara tambayarsa, "Alhaji, tukuna, kwana nawa gare ka?"