Medayin Alhaji Munzali

Ku ja da baya, jama'a, ku ba da hanya! Ga Alhaji Munzali nan tafe, Sarkin Akwatunan unguwar Goutte d'Or ta Paris, mai shagon da don ƙanƙanta in ka shiga da tumbi sai ka fito da baya. Mu masu zaman banza a bakin tashar jirgin metro mun fi saninsa da Ambasada, don kwana uku ya yi a baje kolin Sebiya ta Ispaniya a casa'in da biyu, kuma har yau bai gama dawowa ba.

Abin da ya zo da shi, wani ɗan kwabo ne mai huji a tsakiya, da hoton doguwar hasumiya a jiki. Ya zura masa jan zare, ya rataya bisa kirabat ɗin wuyansa, ya ce sunansa medayi, wato lambar girma.

"Ku duba da kyau," in ji shi. "Masallacin Agadas ne. Turawan can sun ji labarina, suka buga garin kakannina a ƙarfe."

Kakanninsa kuwa duk a Maradi suke kwance. Amma wa zai yi musu da mai saya mana shayi? Tun daga ranar, sai ya goge medayi kafin ya goge haƙora. A masallaci ma da hannu ɗaya yake dafe shi a ƙirji, kada ya taɓa tabarma.

To, akwai Hajiya Zouera a Lyon, bazawara mai sarin takalma, wadda ta kori manema har sun gaji da kuɗin jirgi. Ita Alhaji ke so, kuma ya rantse a gabanmu ba ya dawowa Paris sai da amincewarta. Ya sha turare har direban taksi ya buɗe gilashi.

Bayan doguwar gaisuwa, ya miƙe tsaye a falonta, ya cire zaren daga wuya kamar mai sauke rawani.

"Hajiya, ƙasa guda ta girmama ni da wannan. Ministoci sun roƙa, na hana. Yau na ajiye shi a ƙafarki."

Hajiya ta juya kwabon gaba da baya, ta miƙa masa abinsa.

"Na gode, Alhaji. Da irinsa nake buga talho in na je Barselona. Sai dai ka cire zaren, akwatin talhon ba ya haɗiye shi haka."