Laifin Jan Motar Hukuma Ba Izini

Jama'a, ranar Talata a ƙarƙashin mota na wuni, baƙin mai na ɗiga mini a ido, matata Selya na tsaye a kaina tana tambaya ko can zan koma da zama. Kuma duk albarkacin Mai Girma Uban Gari, Garkuwar Masunta, Allah ya ƙara masa ƙiba.

Rediyo ce ta ce guguwa za ta iso ranar Alhamis. Kowa ya san aikin: duk jirgin da ke bakin teku sai ya hau tudun bayan coci. Ƙananan a kafaɗa ake ɗauka. Amma na maƙwabcina Teroy, wanda ya riƙe 'yata ranar baftisma, ƙato ne, gida biyar ke ci a cikinsa. In ruwa ya same shi a ƙasa, gida biyar ɗin sun shiga uku.

To ai muna da janwe ta hukuma! Bara aka sayo ta, fadan coci ya yayyafa mata ruwan albarka, muka tafa, muka ci taliya. Muka je ofis ni da Teroy neman aronta. Akawu ya ce makulli na hannun direba.

"Direban fa?"

"Yana babban birni, taron bita kan shirin tarbar guguwa."

Teroy ya dube ni, idonsa ya yi ja. Tun ranar baftismar nan Pare yake kirana, wato amini. "Pare, sai dai tsohuwarka."

Tsohuwata a-kori-kura ce mai shan gas, ta girmi ɗan farina, kwakwa take ɗauka. Jan jirgi a yashi kuwa ba wasa ba ne. Na juye baƙin mai, na canza matata, na tsiyaye ruwan da ya kwanta a tanki, don gas ɗin garin nan rabinsa wanka ne. Na wanke lagireto, na sa sabon birki. Ƙugiyar ja kuma na sa mai walda ya ɗaure ta a jikin ƙarfen ƙasan mota. Ya ce a bamba ta fi kyan gani. Na ce masa ba biki za ta ba.

Sai layin mai. Awa uku muna tsaye, aka ce an keɓe gas don motocin gaggawa. Na ga gaggawar da idona: motoci huɗu masu baƙin gilas, bayansu cike da kejin zakarun da manya ke haɗawa faɗa, za a kai su tudu kada iska ta ɓata musu gashi. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ni ma da na iya cara da tuni an kwashe ni." Galan biyu na samu, shi ma sai da na yi wa mai famfo kirari.

Laraba da hantsi sama ta yi baƙi. Muka rage wa tayoyi iska, muka loda buhunan yashi a baya don ta kama ƙasa, muka jera gungumen kwakwa a ƙarƙashin jirgi. Na sa giyar ƙarfi. Tsohuwa ta yi tari, ta yi nishi, jirgi ya motsa. Wallahi har ƙwalla na ji. Mun ci rabin hanya ke nan sai jiniya.

Mai Girma ne da kansa, da janwe tana sheƙi, da direban da ke babban birni, da mai ɗaukar hoto. Ashe taron bita yana ƙarewa da zarar an ga kyamara.

Wani mai riƙe masa lema ya zo taga. "Kai, cire wannan gwangwanin. Za ta ɓata hoto."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa na hawa. Ku bari mu ƙarasa, sai ku tsaya a gefe ku yi murmushi."

"Hukuma kake koya wa aiki?"

Ina ni ina koya wa hukuma aiki. Na kwance sarƙa, Teroy ya danna duwatsu a bayan gungume yana addu'a. Janwe ta sauko da baya, tayoyinta cike da iska tam kamar ganga. Aka ɗaura sarƙa a bamba mai walƙiya, Mai Girma ya ɗora hannu a kai, aka ɗauka. Direba ya taka. Ƙarar da muka ji ba ta jirgi ba ce. Bamba ce ta zauna a yashi, ita kuma janwe ta haƙa wa kanta rami har ciki, daidai bakin hanya ɗaya tilo da ke hawa tudu.

Igiyar ruwa ta fara lasar gindin jirgi, dutse ɗaya ya zame. Teroy ya sa kafaɗa ya tokare jirgin shi kaɗai, mutum mai shekara sittin, yana ihu, "Pare! Pare, don Allah!" Ban taɓa jin muryarsa haka ba, kuma tsoro ya kama ni sosai.

Ban tambayi kowa ba. Na kewaya, na ɗaura wa janwe sarƙa a ƙasa, na fizgo ta kamar akuya mai gardama, na ajiye ta a gefe. Mai lema na ta cewa a daina hoto. Na dawo na ɗaura jirgi, mata da maza suka sa hannu, har Selya da ludayinta. Kuloc na ƙauri, allurar zafi na rawa, amma tsohuwa ba ta kunyata ni ba. Da muka kai bayan coci Teroy ya zauna a ƙasa ya rungume tayata yana kuka, ni ma ban tsaya kallo ba.

Guguwa ta zo ta wuce, jirgi ko ƙwarzane. Jiya Teroy ya fita, ya aiko mana da kifi cike da bokiti. Jiyan nan kuma takarda ta iso daga ofis, da hatimi biyu: ana nemana in yi bayanin dalilin da ya sa na ja dukiyar hukuma ba tare da rubutaccen izini ba.

Na amsa laifina, ranka ya daɗe. Baɗi in ta sake nutsewa, zan zauna a bakin ruwa in cike takardar izinin a tsanake, kofi uku. Teroy ya ce shi zai riƙa duba mini kuskuren rubutu.